Cire Takalminka, Samanja

Wata Alhamis, kasuwar Maigatari ta cika ta batse, na raɓe a rumfar wani mai shayi kusa da kara ina jiran yarona ya gama cinikin tunkiya. Sai ga wani dattijo ya yi sallama ya zauna a gefen bencin da nake. Tun daga nesa tafiyarsa ta gaya mini ko shi wane ne: kafaɗa a miƙe, ƙirji a gaba, kai a sama, duk da furfura ta gama da gemu. Muka gaisa, muka yi wa juna ban gajiya. Can sai ya sunkuya ya tuɓe takalminsa na dama don ya kakkaɓe rairayi, irin rufaffen takalmin roban nan da ake zubawa a kowace kasuwa. Da ya kife shi, ba rairayi kaɗai ya zubo ba. Har da wata 'yar ƙusa irin ta masu gyaran takalmi. Na kai ido kan safarsa, na ga ta manne da tafin ƙafa, ga tabon jini ya bushe ya yi baƙi, faɗinsa kamar murfin kwalba.

Na ce, "Samanja, tun yaushe ƙusar nan take ciki?"

Ya juya ta a tafin hannunsa, ya yi murmushi. Ya ce, "Malam, ƙafar da ta ratsa dajin Nsukka a 1967, ita ce ƙusa za ta tayar wa hankali? Ni ko ji ban yi ba."

Shekarun da na yi ina wankin miki a asibiti kafin in ajiye aiki, na sha jin wannan magana, kuma kusan kullum da alfahari ake faɗinta. Ni kuwa duk sanda na ji ta gabana faɗuwa yake yi. Shi ya sa na ga ya dace in zauna mu yi magana, yayyena da ƙannena 'yan mazan jiya na ƙasar Gumel, da ku 'ya'ya da jikoki da kuke ɗawainiya da su.

Daga Hammado zuwa Danzomo, daga Medu zuwa Galadi, da wuya ka shiga gari a rasa gidan da za a nuna maka a ce na tsohon soja ne. Iyayenmu da suka je Bama lokacin yaƙin Hitila, cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu. Waɗanda suka yi yaƙin basasa, daga Yulin 1967 zuwa Janairun 1970, wanda ya shiga tun farko yana ɗan shekara 18 yau ya haura 75. Bayansu ga waɗanda suka je Labanan, ga 'yan ECOMOG da suka sauka Laberiya a 1990 suka zarce Saliyo, ga na Bakasi da Darfur, ga ƙannensu da suka dawo daga Barno da Yobe. Maganar tawa ta haɗa har da tsofaffin 'yan sanda da kwastan da gandurobobi, duk wanda ya ci ƙuruciyarsa a cikin but.

An horar da soja ya daure. Tun a makarantar kurata ta Zariya ake koya wa yaro cewa bororo a dunduniya ba dalilin fita daga layi ba ne. Wannan tarbiyya ta yi muku rana a daji, ba na raina ta. Amma daurewa daban, rashin ji daban. Mai daurewa ya ji zafin ne ya danne. Wanda bai ji ba, ɗan aiken da ke kai labari daga ƙafa zuwa ƙwaƙwalwa ne ya faɗi a hanya. Zafi santiri ne da Allah Ya tsayar a ƙofar jiki. Ku kun fi ni sanin cewa barikin da santirinsa ya yi barci ba lafiya yake kwana ba, ko da shiru ake ji har asuba.

Babban abin da ke sa wannan santiri barci a shekarunmu shi ne ciwon siga. Idan siga ya daɗe yana yawa a jini, yana cin ƙananan jijiyoyin ji a hankali, kuma yakan fara da mafi tsawo, wato waɗanda suka kai yatsun ƙafa. Daga nan abin ya dinga hawa kamar ana saka safa. Da fari mutum zai ce minjirya ta dame shi, ko yana jin kamar kiyashi na yawo a tafin ƙafa, ko kuma da dare ƙafar ta ɗau raɗaɗi kamar an shafa barkono. Bayan wasu shekaru raɗaɗin ya lafa, mutum ya yi hamdala ya ce ya warke, alhali jijiyar ce ta ƙarasa mutuwa. Wani zai ce maka ji yake kamar a kan katifa yake tafiya. Wani silifas zai zame masa a hanyar masallaci, bai sani ba sai da yara suka biyo shi da shi. Jijiyoyin da ke sa gumi su ma suna mutuwa, sai fata ta bushe, faso ya buɗe baki. Naman cikin ƙafa ya saki, yatsu su tanƙware, nauyin jiki duk ya taru wuri guda, wurin ya yi kanta. A ƙarƙashin wannan kantar ne jini ke kwanciya, miki ya fara haƙa rami daga ciki, sama kuwa lafiya lau.

Ba siga kaɗai ke jawo haka ba. Tsohon rauni da ya taɓa jijiya yana yi, kuturta tana yi, daɗewa ana shan barasa yana yi. Akwai kuma matsala ta biyu, toshewar hanyoyin jini, wadda taba sigari da hawan jini da shi sigan ke haddasawa. Alamarta ita ce sha-raɓa ya ƙulle maka in ka yi 'yar tafiya, ka tsaya ya saki, ka ci gaba ya sake kamawa. Ƙafar da jini ba ya isarta sosai, ko ƙwarzane ta samu sai ya ƙi warkewa.

Wani likita ɗan Ingila, Paul Brand, wanda ya fara aiki a Vellore da ke kudancin Indiya a 1946, shi ya warware wa duniya wani abu game da kutare. A da ana zaton cutar ce ke ruɓar da yatsu su gutsure. Shi ya bi majinyatansa ya lura, ya gane cewa yawancin ɓarnar daga raunukan da ba a ji ba ne: ƙuna, ƙaya, matsattsen takalmi, har da ɓera da ke gaigayar yatsa cikin dare mai shi yana barci. Da ya koma Carville a Amurka a 1966, ya nuna cewa hanya ɗaya ce ƙafar mai siga ke bi. Mu nan ba baƙin kuturta ba ne, asibitin Yadakunya yana nan a Kano tun zamanin Turawa. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ma'aikatan irin wannan asibiti ke koya wa majinyaci duba tafin ƙafarsa kowace yamma, ya ga rabin abin da nake son faɗa.

Yanzu ku dubi ƙasar da muke takawa. Ƙasarmu jigawa ce. A watan Afrilu da Mayu, rairayin azahar yana iya toya ƙafa kafin mutum ya tsallaka daga zaure zuwa masallaci. Mai lafiyar jijiya zai yi tsalle ya nemi inuwa, wanda jijiyarsa ta mutu kuwa takawa zai yi a natse, gobe a ga bororo ya tashi. Ranar Juma'a in sahu ya fito waje, a kan kwalta ko siminti mai zafi ake tsayawa. Alhazanmu ma sun san wannan, don akwai masu dawowa daga Makka da Madina da ƙunar tafin ƙafa saboda takalmi ya ɓace a ƙofar masallaci sun taka dandamali da rana. Da kaka, lokacin yankan gero da riɗi, ga kututturen kara mai kaifi kamar mashi, ga ƙarangiya, ga tsidau, ga ƙayar aduwa da ta bagaruwa waɗanda ke huda silifas kamar takarda. Da hunturu kuma sai kasko. Dattijo ya ji ƙafarsa ta yi sanyi, ya miƙa ta bakin garwashi, hira ta yi daɗi ko gyangyaɗi ya ɗauke shi, sai ƙaurin fata ne zai farkar da na kusa da shi. Na wanke irin wannan ƙuna da hannuna, ba ɗaya ba ba biyu ba. Sai salansar babur, wadda ke lasar idon sawun mutumin da aka goyo daga ƙauye zuwa kasuwa. Da yawa daga cikinku kuma aikin gadi kuke yi bayan ritaya, tsayuwar dare cikin tsohon but da ya bushe ya ƙandare.

Ga shi kuma ƙafar tsohon soja tana da tarihinta. Tun a 1855 wani likitan soja a ƙasar Jamus, Breithaupt, ya rubuta labarin yadda ƙafar kurata ke kumbura bayan doguwar tafiya, daga baya da aka samu na'urar hoton ƙashi aka gane tsagewar ƙashi ce. Irin wannan tsaga da ta haɗe a karkace, da ɓarɓashin ƙarfe da aka bari a nama, da farcen da but ya danne ya yi kauri, da yatsan da aka rasa a fagen daga, kowanne yana sauya inda nauyi ke sauka. Da ƙuruciya jiki ya shanye. Da tsufa, a daidai wurin nan miki ke ɓullowa.

Maganin kuwa a gidanku na soja aka san shi tun da daɗewa. A yaƙin duniya na farko, daga sanyin 1914, sojojin Ingila da ke kwana cikin ramuka masu ruwa a Faransa da Beljiyam, dubun dubatarsu ƙafa ta ruɓe musu, wasu har aka yanke. Abin da ya rage ɓarnar ba wata babbar na'ura ba ce. An wajabta wa hafsoshi su dinga duba ƙafar mutanensu, aka ba da busasshiyar safa da man shafawa, aka kuma haɗa sojoji biyu-biyu, kowa ƙafar abokinsa na wuyansa. An lura cewa mutum yakan yi sakaci da tasa ƙafar, amma ba ya yarda a kama shi da sakaci da ta ɗan'uwansa. Tsofaffinku sun sha ba ni labarin yadda bayan doguwar tafiyar horo ake jera ku a tuɓe takalma, saje yana bi yana leƙa tsakanin yatsu. Wannan faretin nake roƙo a dawo da shi. Yanzu ne ma ya fi amfani.

Bari in kwatanta muku yadda awon yake a asibiti, don na san wasu tsoron abin da ba su sani ba ne ke hana su zuwa. Za ka zauna a benci ka cire takalma duka biyu da safa, ko da ɗaya ce ke damunka. Malamin asibiti zai duba sama da ƙasa da tsakanin yatsu. Zai ɗora yatsunsa a bayan ƙafarka da kuma bayan idon sawu ta ciki, yana laluben bugun jini. Sannan ya ɗauko wani ɗan siririn zaren roba, kamar gashin wutsiyar doki, wanda aka yi shi ya lanƙwashe in an danna shi da nauyin giram 10. Zai ce ka rufe ido. Ya taɓa ƙasan babban yatsa, ya taɓa tudun tafin ƙafa wuri biyu ko uku, duk inda ka ji ka ce "e". Ba huda, ba jini, ba zafi. Minti biyar ya isa. Amma na ga ƙaton namiji ya buɗe ido ya ga zaren a lanƙwashe a jikin fatarsa, shi kuwa yana ta jiran a fara. A wannan lokacin ne mutum yake yarda.

Daga nan sai awon siga, ɗigon jini ɗaya daga ɗan yatsa. In ka zo da safe ba ka karya ba, na'ura ta nuna 7.0 ko sama, a wani ma'aunin kuma 126, to akwai magana, za a sake aunawa wata rana don a tabbatar. In ka riga ka ci abinci ta nuna 11.1, wato 200, ga yawan fitsari da ƙishirwa da rama, ita ma magana ce. Hawan jini kuwa daga 140 bisa 90 ake fara sa ido. Ka roƙa a duba fitsari da idanu, domin ciwon da ya ci jijiyar ƙafa yakan taɓa ƙoda da gani. Wanda aka samu ƙafarsa lafiya, sau ɗaya a shekara ya wadatar. Wanda jinsa ya ragu, kada ya wuce wata shida. Wanda ya taɓa yin gyambo ko aka taɓa cire masa yatsa, daga wata ɗaya zuwa uku.

In zaren bai samu ba, akwai gwajin da likitocin asibitin Ipswich a Ingila suka fito da shi, wanda ko jikanka zai iya yi maka a kan tabarma. Ka rufe ido, ya ɗora kan yatsansa a hankali, ba dannawa ba shafawa, a kan babban yatsanka, da na tsakiya, da ƙaramin, a kowace ƙafa, na daƙiƙa ɗaya ko biyu. Wuri shida ke nan. In ka kasa jin biyu ko fiye, ka nufi asibiti cikin makon nan.

Mu Musulmi Allah Ya sauƙaƙa mana, domin sau biyar a yini muna riƙe ƙafarmu da hannunmu. Abin da ya rage shi ne ido ya bi hannu. In ka zo wanke ƙafa a alwalar azahar, lokacin da haske ya wadata, ka ɗaga ta ka duba. In baya ba ya lanƙwasuwa ko ido ya yi rauni, ka ajiye ɗan madubi a ƙasa, ko ka kira yaro. Bayan alwala ka tsane tsakanin yatsu da tsumma mai tsabta, don danshin nan ne ke kawo cin ruwa, cin ruwa kuma ƙofa ce. Da dare ka shafa man kaɗe ko basilin a dunduniya da tafin ƙafa, amma ban da tsakanin yatsu. Ruwan ɗumi na hunturu, da gwiwar hannu za ka gwada shi, ba da ƙafa ba. In sanyi ya dame ka, safa biyu ta fi kasko. Masu ƙunsa lalle saboda faso, ku sani yana ɓoye launin fata, ja ko baƙin da ya kamata a gani da wuri sai ya sajje.

Takalmi kuwa, ka fara kife shi ka bubbuga saboda kunama, sannan ka zura hannu ka shafa cikinsa kafin ka saka, kullum. In za ka sayi sabo, ka saya da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, mai faɗin baki, mai kaurin ƙasa, kuma kada ka wuni da shi ranar farko. Farar safa ta fi, don ita ce za ta nuna maka jini ko ruwa. Reza kuma a raba ta da kanta. Na san daɗin zama a gaban mai yankan farce ranar kasuwa ana hira, amma almakashin da ya bi ƙafa ashirin, ya zo ya ɗan ƙwarzane gefen farcen mai siga, ya isa ya zama mafarin doguwar jinya. A yanke farce a miƙe, kada a bi lungu, a goge bakinsa.

To, in raunin ya riga ya faru fa? A wanke da sabulu da ruwan da aka tafasa ya huce, a rufe da ƙyalle mai tsabta, a tafi asibiti a ranar ko washegari, komai ƙanƙantarsa. A tambayi allurar tetanus, mai hana ciwon sanƙarewa, musamman in ƙusa ce ko ƙaya a inda dabbobi ke kwana, don ƙarfin allurar yana raguwa bayan kamar shekara 10. Kada a zuba toka, ko garin batir, ko man birki, ko a fasa kafso a barbaɗa. Kuma a daina taka wurin. Wannan shi ne ya fi yi wa soja wuya, na sani. Amma mikin tafin ƙafa da ake takawa kullum, kamar shuka ce da ake tonewa kowace safiya a ga ko ta tsiro. Game da alwala kada ka damu, malamanmu sun yi bayanin shafa a kan bandeji da kuma taimama, ka tambayi limamin unguwarku.

Akwai alamun da ba a kwana da su: ja yana yaɗuwa, kumburi, wari, mugunya, yatsa ya fara baƙi, kaluluwa a matsematsi, zazzaɓi. Haka nan ƙafar mai siga da ta kumbura ta yi ɗumi ba tare da ciwo ba. Sau da yawa akan ce targaɗe ne a kai wa mai ɗori. Ina girmama masu ɗori da wanzamai, sana'ar gado ce kuma sun taimaki jama'a tun kafin a gina asibiti a ƙasar nan. Amma wannan ƙafar ba tasu ba ce. Ƙasusuwan ciki ne ke rugujewa, matsa ta da kara ko yi mata sakiya na iya kashe ta gaba ɗaya.

Na san abin da ake faɗa a zaure. Wani ya ce daji ne, daji kuwa ba ya son allura. Wani ya ce sammu aka binne ya taka. Wani ya ce asibiti ba su san komai ba sai yanka. Addu'a ba ta hana magani, a haɗa su. Batun yanka kuwa, ga abin da likitocinmu suka gani da idonsu. Tsakanin 2016 da 2017 an bi majinyata 336 da aka kwantar da gyambon siga a manyan asibitoci shida na Nijeriya, har da na Kano da Zariya. Fiye da ɗaya cikin uku sai da aka yanke musu wani sashe na ƙafa, kusan ɗaya cikin biyar kuma suka rasu. Mafi yawansu sun iso ne bayan miki ya riga ya yi nisa. Abin da ke faruwa ke nan: a yi wata guda ana jiƙe-jiƙe a gida, sai wari ya hana kowa shiga ɗakin, sannan a ɗauko mota. Likita ya yanke don ya ceci rai, labari ya koma gari cewa asibiti yanka suke yi, na gaba ya ƙara jin tsoro ya ƙara daɗewa. Mikin da aka kawo a kwana biyu, sau da yawa wanki da magani da hutu ne kawai.

Hanyar a buɗe take. A fara da asibitin sha-ka-tafi na mazaɓa, in abin ya fi ƙarfinsu su tura Babban Asibitin Gumel, daga nan in da buƙata a wuce asibitin Rasheed Shekoni a Dutse ko na Malam Aminu Kano. Wanda ƙaddara ta riga ta faɗa masa, asibitin ƙashi na Dala yana yin ƙafar roba, kuma ƙafar da ta rage ita ce yanzu abar tattali. Batun kuɗi ba ƙarami ba ne, ban ɗauke shi wasa ba. 'Yan fanshon soja suna da tsarin inshorar lafiya ƙarƙashin DHML, kowa ya je wurin shugabannin ƙungiyar 'yan mazan jiya ya tabbatar sunansa yana ciki tun yana lafiya. Waɗanda aka sallama bayan yaƙi ba su shiga jerin fansho ba, su nemi bayanin hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, JICHMA.

Ina da roƙo ga shugabannin ƙungiyar a ƙananan hukumomi huɗu na ƙasar Gumel, da ciyamomi, da iyayenmu hakimai. Kowace 15 ga Janairu ana taruwa a tuna da mazan jiya, a ajiye furanni, a yi addu'a ga waɗanda suka kwanta dama. Ranar tana faɗowa ne a tsakiyar hunturu, lokacin faso da kasko. Me zai hana bayan addu'a a ajiye benci biyu a inuwa, da ma'aikatan lafiya uku ko huɗu, da na'urar awon siga, da ta hawan jini, da zaren nan? Haka ma duk lokacin da aka tara 'yan fansho don tantancewa. Dattijo ya yi doguwar tafiya don ya nuna yana raye, ai ya cancanci a duba abin da zai sa ya ci gaba da tafiya da ƙafarsa. Ma'aikatar tsofaffin sojoji ta Amurka tun 1993 take da shiri na musamman na hana yanke ƙafa, kuma ginshiƙinsa bai wuce wannan dubawar ba da rarrabe wanda ke cikin haɗari. Ba sai mun jira Abuja ba kafin mu sayi benci.

Ku kuma matan gida da 'ya'ya, na san akwai kunya da kwarjini. Ba kowane ɗa ne zai iya ce wa mahaifinsa tsohon samanja ya miƙo ƙafa a bincika ba. To kada ku ce dubawa za ku yi. Bayan sallar isha'i a kawo man kaɗe da fitila, a ce, "Baba, kawo ƙafar in shafa maka mai." Ban taɓa ganin dattijon da ya ƙi wannan ba. Hannu na shafawa, ido na aiki. Uwargida kuma, ke ce mai wanke safa da shimfiɗa, in kin ga tabo kada ki yi shiru.

A rumfar mai shayin nan, sai da na lallaɓa Samanja ya yarda muka jiƙa safar da ruwan ɗumi muka ɓamɓare ta a hankali. Ramin yana ƙasan babban yatsa, gefensa ya yi fari ya yi kauri, alamar ba na ranar ba ne. Na ce ya rufe ido, na taɓa yatsunsa shida. Biyu ya ji. Na tambaye shi ko yana yawan tashi fitsari da dare, ya ce tun bara, har ya ɗauka sanyi ne. Mai shayi ya ba mu sabulu da sauran ruwan butarsa, wani mai kayan koli ya yanko mana sabon farin ƙyalle. Na ce ba zai taka zuwa tasha ba, yarona zai kai shi asibiti a babur, ya kuma ɗage ƙafar daga salansa.

Ya dube ni ya ce, "Malam, shawara ce ko oda?"

Na ce, "Oda ce, Samanja."

Ya gyaɗa kai. Kafin ya hau, ya nemi 'yar takarda a wurin mai shayi ya naɗe ƙusar ya sa a aljihun gaba. Ya ce akwai wani kofur da suke gadi tare, shi ma kwanan nan yana cewa ƙafarsa ta daina damunsa, zai kai masa ya gani.